Mal-sun, Matar Da Ta Tayar Da Injunan Layin Solgae

Jawabin da Ma Jae-gu, mai shagon yankan ƙarfe, ya yi a taron cika shekara da rasuwar Tak Mal-sun.

Fada Yun, uban cocin unguwarmu, wanda ya buɗe mana taron nan da addu'a. Mai girma Kansila Ha, wanda ya bar ofis ya shigo layinmu da ƙafarsa. Shugaban ƙungiyarmu ta masu yankan ƙarfe, Maigida Bong. Yaya Dok-su, mijin marigayiya, da 'yarsu Hye-rin, da dangin da suka hau jirgin ruwa tun daga tsibiri. Masu shaguna, masu walda, ma'aikata, direbobin dako, da iyayenmu mata na gidajen abinci. Ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku sannu da tsayuwa.

An ba mu shawarar mu kama ɗakin taro mai kafet da sanyi. Mun ƙi. Mun shimfiɗa teburinta a nan tsakiyar titi, gaban shagonta, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi. Ga hotonta, ga shinkafa, ga kifi, ga kofi mai sukari na 'yar leda da take sha kamar ruwa. Wanda ya ji warin ƙarfe ya dame shi, ya yi haƙuri. A cikin warin nan ta rayu, a cikinsa za mu tuna ta.

Ni ba mai jawabi ba ne. Ƙarfe nake yankawa. An zaɓe ni ne don shagona na kallon nata, kuma na girme wa yawancinku a shan faɗanta.

Ta kasance yarinya 'yar tsibiri da ta shigo birnin nan da ƙunshin kaya ɗaya, ta zauna a masana'anta tana naɗa wayar tagulla a cikin moton lantarki har yatsunta suka yi kanta. Shekarar da tattalin arzikin ƙasar nan ya durƙushe, masana'antar ta rufe ƙofa. Wasu suka koma ƙauye. Ita ta kama wannan ɗan lungu, ta kafa teburi, ta ce tana gyaran moto. Lokacin ne injuna masu kwamfuta suka fara cika layinmu, mu kuwa mun iya aiki da su, amma in sun tsaya sai mu yi cirko-cirko kamar an yi mana mutuwa. Ta shiga ajin koyon lantarki tare da yara sa'annin 'yar cikinta. Ta koyi karanta rubutun Japan don kawai ta gane littattafan injin. Ta faɗi jarrabawa, ta sake zama, ta ci.

Fada, da ku dangi na tsibiri, bari in gaya muku abin da take gyarawa, don ku san girman abin da muka rasa. Kowane injin yankan ƙarfe yana da moto da ke tura wuƙa gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. A ƙeyar kowane moto akwai wani ɗan abu kamar gwangwanin kifi, shi ake kira enkoda. Cikinsa faifan gilashi ne mai zane-zane da suka fi gashi sirantaka, da 'yar fitila mai ƙirga su. Shi ke gaya wa kwamfuta inda wuƙa take. In ɗigon mai ya shiga, ko waya ta tsage, ko batir ya mutu, injin da ya fi motar ɗaukar kaya nauyi sai ya tsaya cak, jan rubutu ya fito a allo. Ranar ba aiki. In ya kai mako, mai ba ka aiki ya koma wani gari.

Ta kasance ba ta gaggawar ɗora wa kowa laifi, ko mutum ko ƙarfe. Mu in jan rubutu ya fito, sai mu ce enkoda ya mutu, a sayo sabo. Ita sai ta ce, "Wa ya gaya maka? Ka ga gawarsa?" Sai ta cire wayar wannan moto ta sa wa wancan, ta ga ko cutar za ta bi waya ko za ta zauna inda take. Sai ta shinshina soket ta ji ko ruwan sanyaya wuƙa ya ratsa. Sai ta lanƙwasa waya a hankali daga kai har gindi, idonta na kan allo. Ba ta buɗe cikin enkoda sai ta gama wanke kowa daga zargi.

Shugaba Bong, ka yafe ni, amma sai na ba da labarinka. Wata shekara injin Maigida Bong ya riƙa tsayawa ba dalili. Ya yi aiki lafiya da safe, ya tsaya da hantsi, ya tashi, ya sake tsayawa. Ya canja enkoda, bai daina ba. Matarsa ta ɗaure wa injin busasshen kifi da farin zare don neman sa'a, bai daina ba. Aka kira Yaya Mal-sun. Ta zo ta ja kujera ta zauna, ta haɗa kofinta, ba ta taɓa komai ba.

Da rana ta yi tsaka Bong ya kasa daurewa. Ya ce, "Yaya, gyara na kira ki ko shan kofi?"

Ta ce, "Rufe min baki, Bong. Kai ma ƙararka ta yi yawa."

Can sai ta miƙe, ta fita, ta leƙa shagon da ke jikin nasa, na Maigida Ryu mai walda. Ku da kuka daɗe a layin nan kun san Bong da Ryu sun shekara da shekaru ba sa ga maciji, a kan wajen ajiye mota. Ta tsaya a tsakanin ƙofofin biyu ta ɗaga murya.

"Ryu, kunna waldarka!" Ya kunna. Injin Bong ya tsaya.

"Kashe. Bong, tayar." Ya tayar. "Ryu, kunna!" Ya sake tsayawa.

Bong ya zaburo yana cewa dama ya san mugun mutumin nan ne. Ta tare shi da hannu ɗaya. Ta nuna masa ginshiƙin ƙarfen da shagunan biyu suka haɗa, inda Ryu ke maƙala wayar waldarsa. Ta kuma nuna masa rigar wayar enkodansa shi kansa, da ta yage ya naɗe ta da salatif don rowa. Ta ce, "Injinka lafiyarsa lau. Maƙwabtakarku ce ke kwance. Ku ɗauko diga ku haƙa rami ɗaya ku binne sandar da za ta kai wutar nan ƙasa. Ba na son ganin ɗan aikin kowa, ku biyu za ku haƙa." Duk layin nan ya fito kallo. Ga su can yau kafaɗa da kafaɗa, kuma har gobe gardamar wanda ya fi haƙa suke yi.

Ta kasance haka a kwanakin dariya. Yanzu bari in zo kan kwanakin da suka sa muka tsaya a titi yau.

Kun tuna daminar da rafi ya balle. Kafin mu ankara ruwa ya kai ƙugu a cikin shaguna. Da ya janye, ya bar mana laka a cikin kowane akwatin wuta, a cikin kowane soket, a cikin kowane moto da ke kusa da ƙasa. Na ga dattawa masu furfura zaune a bakin ƙofa, hannu a kai. Lakar ba ta gama bushewa ba sai ga mutanen kamfanin gine-gine, wanda ya daɗe yana son ya rushe layin nan ya kafa dogayen benaye. Suka shigo da takalma masu sheƙi, suna tsallake kwata, suna yi mana jaje da baki, suna miƙa mana biro da hannu. Suka ce injunanmu sun zama gwangwan. Suka ce tsofaffi ne, masu ƙera su ma sun daina yin kayansu. Suka ce mu sa hannu mu huta.

Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a ƙofar nan. Ina tsaye ina ji. Ya same ta tana kwashe laka da shebur, ya ce, "Iya, ina mai shagon?"

Ta ce, "Kana kallonsa."

Ya gyara murya, ya ce ai ta manyanta, lokacin hutawarta ya yi, kowa ma sa hannu zai yi, kada ta zama ita kaɗai ta rage.

Ta jingina shebur. Ta ce, "Yaro, ka san ma'anar sunana? Mal-sun, 'yar ƙarshe. Babana ya gaji da haihuwar mata, ya sa min shi don in rufe ƙofa. Tun ranar suna aka yanke cewa ni ce ta ƙarshe. To je ka kwashe kowa tukuna, in ka gama ka dawo ka same ni."

Da yammacin ranar muka taru a gidan abincin kan kwana, wanda muke kira gidan miya. Ba zan ɓoye ba, rabinmu sun karaya, kuma ba wanda zai zarge su. Ta hau kan benci da takalmin roba, ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Kada wanda ya kunna komai. Injin da ya jiƙe bai mutu ba, sai ka ba shi wuta yake mutuwa. Ku ba ni zuwa bikin kaka. Wanda injinsa bai tashi ba a lokacin, ni zan riƙe masa takardar ya sa hannu."

Wani ya ce, "Yaya, injuna sun fi yatsun hannu da na ƙafa yawa. Ke kaɗai?"

Ta ce, "Wa ya ce ni kaɗai? Kai ba ka da hannu? Matarka fa?"

Abin da ya biyo baya, ku kuka yi shi, ni tuna muku kawai nake. Muka kwance kowane moto muka jera a nan inda kuke tsaye, kowanne da sunan shagonsa a jiki. Mai gidan wanka ya rufe ɗakin zafinsa ga jama'a ya ba mu, muka shanya allunan lantarki a kan bencin da tsofaffi ke gasa baya. Matan gidajen abinci suka ajiye ludayi suka ɗauki buroshi, suna wanke laka da tataccen ruwa. Yaya Dok-su, kai da ka ajiye tuƙin bas ka ce ba za ka ƙara riƙe sitiyari ba, ka ɗauki 'yar motar dako ka zaga masu gwangwan na kudu da arewa kana nemo tsofaffin enkoda. Ita kuwa tana kan teburin nan da tabarau biyu a fuska, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana goge faifan gilashi da numfashinta a riƙe, tana sake daidaita kowanne da motonsa. Batira duk sun mutu, injuna duk sun manta mafarinsu. Ta bi shago-shago tana koya wa kowane inji inda zai fara ƙirga.

A tsakiyar wannan aiki, wani daga cikinmu ya zo mata. Ba zan kama suna ba, yana nan, kuma ya ba ni izini. Injinsa ya tashi, amma yana yi yana tsayawa, shi kuma mai ba shi aiki ya ce in bai kawo kaya a makon ba an rabu. Ya roƙe ta ta shiga kwamfuta ta faɗaɗa wa injin iyakar kuskure, ya daina tsayawa, in ya so bayan mako a gyara da kyau. Ya yi mata kuka da hawaye.

Ta ce, "Wa ke tsayawa gaban injin?"

Ya ce, "Bikash." Wato ma'aikacinsa ɗan Nepal, ga shi can.

"Hannunsa nawa?"

"Haba Yaya."

"Na ce hannunsa nawa? Da biyu ya zo ƙasar nan, da biyu zai koma. Injin da bai san inda wuƙarsa take ba, ba zan toshe masa baki ba, ko layin nan gaba ɗaya zai rushe."

Ya fita yana zaginta. Ya rasa wancan aikin, gaskiya ne, kuma ya ji jiki. Da ta buɗe enkodan, ta tarar faifan ya tsage daga gefe. Shagon mutumin yana nan a buɗe har yau, Bikash kuma shi ya ɗauko teburin nan da safe.

Ba duka injuna suka tashi ba. Wasu ruwa ya cinye su har zuciya, ta gaya wa masu su gaskiya ba kwana-kwana, kuma ta cika alkawari, ta raka su suka sa hannu, ta taya su ɗaure kaya. Muna gaishe su duk inda suke, ba su ci amanar kowa ba. Amma ranar bikin kaka, mafi yawan layin nan yana yankan ƙarfe. Masu takalma masu sheƙi suka naɗe takardunsu suka tafi.

Ta kasance mai faɗin gaskiya ko a kan kanta. Bayan shekara biyu, muna cin abincin rana, ta ajiye cokali ta ce, "Likita ya buɗe ni, ya ga abin da ba ya gyaruwa. Ban yi masa gardama ba, ni ma na sha gaya wa mutane haka." Muka zuba mata ido. Ta ce, "Ku daina kallona kamar tsohon inji. Ranar Asabar kowane shago ya turo mutum. Wanda bai zo ba, kada ya zo jana'izata."

Haka ta mayar da shagon nan makaranta. Masu gida da ma'aikata, 'yan ƙasa da baƙi, duk benci ɗaya. Ta koya mana musanya waya kafin zargin moto. Ta koya mana canja batir tun injin na kunne. Tana zaginmu, muna rubutawa. Da hannunta ya fara rawa, sai ta koma koyarwa da baki. A cikinmu duka, wadda ta fi kamawa ita ce Tuyet, matar marigayi direbanmu Gu, wadda ta zo daga Biyetnam ta yi shekaru tana wanke kwanuka a gidan miya. Tun lokacin ambaliya Yaya ta lura da natsuwar hannunta. Wasu suka yi gunaguni, suka ce mai wanke-wanke, kuma baƙuwa. Yaya ta ce, "Ni da na zo, cewa kuka yi mace, kuma 'yar ƙauye. Ba ku da sabuwar waƙa?" Ƙanwata Tuyet, ɗago kanki. Shekara guda ke nan kina riƙe da shagon nan, kuma ba injin da ya kwana a tsaye saboda ke.

Yaya Dok-su, mun san gidanka ya yi shiru. Ka aura mana ita, mu muka fi ka ganinta. Sau nawa abinci ya huce a gabanka don injin wani ya tsaya? Ba ka taɓa zuwa ka yi mana ƙorafi ba. Kujerarka tana nan a gidan miya kullum da rana, kuma in ba ka zo ba, za mu zo mu ɗauke ka.

Hye-rin, 'yata, na ji kina cewa da kin sani da kin bar aikinki kin gaji shagon. Ki cire wannan daga ranki. Ina wurin ranar da kika sami aikin ƙera jiragen ruwa. Mahaifiyarki ta bi layin nan ƙofa-ƙofa tana raba wainar shinkafa, tana cewa, "Ni moto nake gyarawa, 'yata jirgi take zanawa." Ki koma bakin aikinki da kai a ɗage. Ba ki bar ta ba, ke ce abin da ta fi taƙama da shi.

Yanzu, jama'a, ku dubi ƙarshen layi. Kun ga dogon furen ta'aziyyar can, wanda ya fi na kowa tsawo? Kamfanin gine-ginen ne ya aiko. Sun ji ta rasu, sun dawo. Sun riga sun sayi shagunan bakin titi, kuma a watan nan aka aiko mana cewa maganar rushe layin za ta shiga majalisa. Sun lissafa cewa mace ɗaya ce ta hana su, kuma ta tafi. Furen mun karɓa, fure ba shi da laifi. Ƙyallen da ke ɗauke da sunansu mun kwance, an mayar musu da safe.

Mai girma Kansila, ka zo da ƙafarka, don haka za mu gaya maka a fuska. Mu ba maƙiyan sabon abu ba ne. Matar da muke tunawa ta mutu tana karanta littafin injin da bai ma iso layin nan ba. Amma ka san yadda layin nan ke aiki. Ƙarfe ɗaya ni zan yanka, Bong ya huda, Ryu ya haɗa, na gaba ya goge, kafin la'asar ya hau mota. In injina ya tsaya, taku kaɗan ne tsakanina da mai gyara. In ka warwatsa mu, kowa zai mutu shi kaɗai a lungun da aka jefa shi. Kayan da muke yankawa suna cikin lif ɗin benayen da suke ginawa, suna cikin gadajen asibiti, suna cikin jirgin ƙasan da ya kawo ka. In dole ne mu tashi, to a tashe mu tare, a kai mu wuri ɗaya, da Tuyet da Bikash da masu miya. In ba haka ba, muna nan. Ruwa ya zo har ƙugu bai fitar da mu ba. Ranar da za ku zauna a majalisa, za ku same mu a kujerun baya da kayan aikinmu a jiki, kuma ba za mu wanke hannu kafin mu zo ba.

Ina gode wa Fada, ina gode wa Kansila da ya saurara bai tashi ba, ina gode wa dangi da suka ƙetare teku, da iyayenmu mata da suka dafa abincin da za mu ci. Ina gode wa duk wanda ya rufe shago a ranar aiki.

Ubangiji Allah, ga baiwarka Mal-sun, wadda aka yi wa baftisma da sunan Marta. Ka yafe mata kurakuranta, da zafin bakinta, ka ba ta hutun da ta ƙi yi a duniya. Ka sanyaya zuciyar mijinta da 'yarta. Ka tsare hannuwan masu tsayawa gaban injuna. Ka ba shugabanninmu kunnen ji, mu kuma ka ba mu ƙafar tsayawa. Amin.

A irin wannan taro akan ce a yi shiru na ɗan lokaci. Mu ba za mu yi ba. Kowa ya je shagonsa yanzu, ya ɗaga ƙofa har sama, ya tsaya gaban injinsa. In Yaya Dok-su ya ɗaga hannu, ku kunna gaba ɗaya. A ji mu har bakin titi.